Yashin Taimamar Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban tifa ne tun ban san kaina ba. A Wudil ya fara, yana ɗebo yashin kogi yana kai wa magina a Kano. Ya riga ni zuwa Doha da shekaru masu yawa, kuma ko a nan sana'ar ba ta canza ba, motar ce kawai ta ƙara girma. Ni kuma ilimin ƙasa da duwatsu na karanta, har Allah ya kawo ni wani kamfani mai sa ido kan gaɓar teku. Aikinmu shi ne mu shiga jirgin ruwa mu je ƙananan tsibirai, mu ɗebo yashi a leda, mu kawo ɗakin gwaji mu wanke, mu busar, mu tankaɗe shi da rariya iri-iri. Ranar da na yi wa Kawu bayanin wannan aiki sai da ya yi dariya har da hawaye.

"Wato 'yar'uwata ta sayar da awakinta ta tura ka jami'a, ka ƙare a tankaɗe kamar mai tuwon sayarwa?"

Tun daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Mai Rariya. Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, amma wannan suna bai taɓa ɓata mini rai ba.

Da ciwon daji ya kama shi, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya yi masa halacci, bai soke masa takardun zama ba, ya ce ya tsaya a yi masa magani. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna gida, don haka na je na kwashe shi da kayansa daga masaukin ma'aikata na kawo shi gidana a unguwar Al Thumama. Maiɗakina ta gyara masa ɗakin baƙi na ƙasa, wanda tagarsa ke kallon inda jirage ke sauka. Maganin ya yi masa aiki a ciki, amma ya ci masa fata. Tafin hannunsa da tafin ƙafarsa suka yi ja, suka tsattsage, suka riƙa ɗayewa. Likita ya ce kada ruwa ya riƙa taɓa wurin sai lokacin wankin ciwo. Kawu bai tambayi yadda zai ci abinci ko yadda zai yi tafiya ba. Alwala ya tambaya.

Sai ya koma taimama. Da farko wani dutse aka samo masa, irin wanda ake ajiye wa marasa lafiya, amma duk lokacin da ya ɗora hannu a kai sai in ga ya runtse ido. Yashin gini kuma da ke unguwa duk siminti ne da ƙura. Rannan a wurin aiki ina shirin zubar da ragowar yashin wani tsibiri da muka gama gwaji a kansa, sai na tsaya na murza shi. Fari ne tas, wankakke, busasshe, ga laushi kamar garin tuwo. Na zuba a leda na taho da shi, maiɗakina ta juye shi a wani faffaɗan tire ta ajiye a gefen gadonsa.

Kawu ya nutsa tafukansa a ciki. Da ya ɗago sai ya ce, "Mai Rariya, yau tankaɗenka ya yi rana. Allah ya yi maka albarka."

Da wannan yashi ya yi sallolinsa tun daga ƙarshen zafi har sanyi ya shigo sosai. A watannin nan jikinsa bai bar shi ya yi dogon zance ba. Sai wata Juma'a da yamma, ya ɗan sami sauƙi, ya sha kunun gyaɗa ya zauna ya jingina da filo. Yana wasa da yashin a tsakanin yatsunsa sai ya dube ni.

"Wai ni in tambaye ka. Namu na Wudil na san hanyarsa. Ruwan sama ya goge dutse can sama, kogi ya ɗauko ya kawo mana, mu kuma mu yi lodi. Tsibirin nan naka akwai kogi?"

Na ce babu.

"Akwai dutse mai tsawo?"

Na ce babu, filin duk bai kai unguwarmu ba, kuma ko'ina ruwa ne.

"To wane ne ke kai masa yashi?"

Wallahi na ji daɗin tambayar nan. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayata komai game da aikina a cikin dangi, sai dai nawa ake biya. Na gyara zama. Na ce masa tsibirin kewaye yake da murjani, amma ba irin jan nan da mata ke ratayawa ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai, kowace tana gina wa kanta ɗaki na dutse, wata a kan wata, yadda gara ke gina suri, har abin ya zama katanga a ƙarƙashin ruwa mai rassa da koguna. Idan iskar arewa ta taso da sanyi, igiyar ruwa na dukan katangar, ta kakkarya matattun rassan, ta yi ta gurza su da juna har su zama tsakuwa, tsakuwar ta zama yashi. Na ɗauko ɗan madubin ƙara girma da nake yawo da shi, na zuba yashin a bayan baƙar wayata, na ba shi ya duba. Ya ga gutsattsarin ɓawon katantanwa, ya ga ƙayar bushiyar teku, ya ga wasu 'yan ƙwayoyi kamar acca masu zane a jiki. Na ce masa waɗannan ma halittu ne, sun rayu sun mutu sun bar ɓawonsu. Ruwa ne ke turo su duka ta kan tudun murjanin har bakin gaɓa, iskar sanyi ta tara su a wannan gefe, ta zafi ta mayar da su wancan.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Wato ruwa ne ɗan lodi, iska ce direba."

Na ce haka ne. Na gaya masa kuma dalilin da ya sa ake biyan mu mu auna: zafin ruwa na 'yan shekarun nan ya kashe murjani da yawa, kuma in mai ginin ya mutu, wata rana abin gurzawa zai ƙare, alhali ruwa bai daina kwasar na gaɓa ba. Turakun da muka kafa a tsibirin, waɗansu da can suna kan busasshen yashi, yanzu ruwa ke wanke su. Ya girgiza kai ya ce ya ga irin haka a kogin gida, inda aka yi ta ɗiba har gaɓa ta zube da gonakin mutane.

Daɗin hira ya ɗebe ni, na ce ai akwai sauran ma'aikaci guda da bai gani ba. Na buɗe masa hoton bidiyo da abokin aikina mai nutso ya ɗauko. Wani kifi ne kore da shuɗi mai baki kamar na aku. Yana kankarar gansakukar da ke jikin murjani, yana haɗawa da dutsen, har ana jin ƙarar haƙoransa a cikin ruwa. Na ce yana niƙe dutsen a maƙogwaro. Sai kifin ya juya ya yi gaba, ya saki wani farin gari ta bayansa, garin ya bazu ya sauka a ƙasa.

Kawu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya dubi tiren, ya dubi hannunsa.

"Wannan abin da ya fito ta bayansa, yana cikin wannan?"

Na ce wani kaso, ba mai yawa ba a ruwanmu na nan, amma dai akwai. Ya karkaɗe yatsunsa a hankali, ya ce yana so ya ɗan kwanta.

Washegari da na dawo daga aiki maiɗakina ta tare ni tun a bakin ƙofa. Ta ce da hantsi ta tarar da tiren a waje, Kawu ya turo shi da ƙafa. Ta ce ya dogara sanda ya fita har fegin da ke bayan gida, ya tsinto wani farin dutse mai kaushi, kuma tun azahar yake salla bai tsaya ba. Na shiga na same shi a zaune a kan sallaya. Ya sallame, ya ɗora hannu a kan dutsen, ya shafi fuska, ya sake ɗorawa, ya shafi hannuwa, ya tayar da wata. Ramuwa yake yi. A lissafinsa duk sallar da ya yi da yashin nan ba ta yi ba, da kashin kifi ya yi ta shafa fuskarsa yana tsayawa gaban Ubangiji.

Wanda ya taso a karatunmu na gida ya san taimama ɗaya farilla ɗaya take ɗauka. Wato kowace salla da zai rama sai ya sake dafa dutsen nan da tafin da ba fata. Kafin mako ya zagayo dutsen ya yi dabbare-dabbare da jini. Ya rage cin abinci don kada barci ya ɗauke shi da rana. Likita ya auna shi ya tambaye ni me ke faruwa a gida.

Na yi lallashi, na yi bayani. Na ce Kawu, dutse ne ya shiga, dutse ya fito, ruwan teku ya wanke shi shekara da shekaru, rana ta gasa shi, ni ma na wanke shi da hannuna na busar a na'ura.

Ya ce, "Ta ina ya fito?"

Na ce haba Kawu!

Ya ce, "Ni dai na gani da idona. Kai yaro ne, kana da lokaci. Ni ban san ko zan ga azumi ba. Ka bar ni in biya abin da ke kaina tun ina iya ɗaga hannu."

Tsoro ne a idonsa, tsoro tsagwaronsa, kuma ban taɓa ganin Kawu da tsoro ba. Ciwon bai ba shi tsoro ba, mutuwar ma yana maganarta kamar tafiya Kano. Abin da ya hana shi sukuni shi ne ya isa can a ce masa akwai watannin da babu salla a cikinsu. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Na je na ɗauko wani malami ɗan Sakkwato da ke koyar da shari'a a wata jami'a a nan, mutum mai sanyin magana. Ya zo bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe da Kawu kamar mahaifinsa, ya saurari komai. Ya ce, "Baba, kifi mai tsarki ne da ransa da mushensa, kuma abin da ya fito daga dabbar da ake ci ba najasa ba ne. Sallolinka sun yi, in sha Allahu. Ka daina wahalar da kanka." Kawu ya yi godiya, ya yi masa addu'a, ya ce a kawo masa shayi. Na raka malam mota ina jin kamar an sauke mini kaya. Ina dawowa na tarar da Kawu ya jawo dutsen gabansa.

Na ce, "Kawu, me kuma ya rage? Ba ka ji abin da malam ya ce ba?"

"Na ji. Na yarda ba najasa ba ne. Ban so in ja da malami a gabanka ba shi ya sa na yi shiru. Amma da ƙasa aka ce a yi taimama. Kai da bakinka ka ce mini wannan ɓawo ne da ƙaya da gidajen matattun halittu. To ƙashin dabba ƙasa ne?"

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce ina dalili! Mutum yana narkewa a gabana, an kawo masa malami, ya sake ɓullo da wata. Ban san lokacin da na fizge dutsen daga gabansa ba. Na ce, "To wannan da kake kashe kanka a kansa, ka san mene ne?" Na fita tsakar gida na maka shi da ƙasa, ya rabe biyu. Maiɗakina ta fito daga kicin tana salati. Na kwaso ɓallin biyu na dawo na dire su a gabansa, na ɗora masa madubin a kai.

A cikin dutsen ga su nan birjik. Ƙananan ɓawo masu nannaɗe, da 'yan ƙwayoyin nan masu zane, irin dai na cikin tire, sai dai waɗannan sun daskare sun haɗe. Na ce masa ƙasar nan gaba ɗayanta ƙarƙashin teku take a da. Abin da ke faruwa a tsibirina yau shi ya faru a nan tun kafin a yi mutane, yashin ya danne juna ya zama dutse. Ina cikin faɗa, murya sama, sai na ga ya sunkuya da madubin a kan ɓallin. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Mutumin nan dutse ɗaya ya rage masa da ya amince da shi, na fasa shi. In ya ce wannan ma bai yi ba, ban san inda zan samo masa ƙasa ba.

Ya daɗe yana kallo. Jirgi ya wuce ta saman gida, wani ya biyo bayansa, bai ɗago ba.

Can ya ce, "Bakin hanyar da nake tsayar da mota in yi salla in lokaci ya same ni a daji, ita ma haka take?"

Na ce haka take.

"Mutanen garin nan na da, masu raƙuma da masu nutso, in ba su da ruwa da me suke taimama?"

Na ce da ita dai, ba su da wata.

Ya ajiye madubin. "Maƙabartar Mesaimeer fa, inda muka kai abokin aikina bara?"

Na ce, "Ita ma, Kawu."

"Wato wadda za a sa ni a ciki ke nan."

Tun da ya kwanta ba mu taɓa maganar inda za a rufe shi ba, kowa yana yi kamar zai warke ya koma Wudil. Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

Ya ce, "To. In har za ta karɓi gawar Musulmi a ce an mayar da shi ƙasa, ban ga yadda za ta ƙi tafin hannuna ba." Ya juya wajen maiɗakina. "'Yata, kin zubar da yashin nan?"

Ta ce a'a Kawu, yana saman firij, ta rufe shi da faifai.

"Yalla, maza kawo shi. Magariba ta kusa."

Daga ranar ban sake ganin ya rama salla ba. Tafukansa suka fara kamewa, ya koma cin abinci, har tsokanata ya dawo da ita. Ya ce in na je tsibiri in gaishe masa da abokan sana'arsa masu bakin aku, in ce musu wani tsohon ɗan tifa yana yaba lodinsu. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Na san halin Kawu, mutum ne da zai haɗiye abu don kada ya tayar wa na ƙasa da shi hankali. Na riƙa zargin ko don ya ga na fusata ne ya yi shiru, ko yana jira in fita aiki ya ci gaba. Sau da yawa na so in tambaye shi, kunya ta hana ni.

Bai ga azumin ba. Wata rana bayan la'asar numfashinsa ya sarƙe, maiɗakina ta kira ni a waya, muka kai shi asibiti, bai yi kwanaki da yawa ba Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yansa suka ce a rufe shi a nan. A Mesaimeer, da direbobi abokan aikinsa da 'yan garinmu muka sallace shi. Ƙasar da aka tono fara ce mai tsakuwa. Da na durƙusa na ɗebi tawa zan zuba, na ji 'yan gutsattsarin ɓawon a tafina, ban duba ba, na zuba.

Da muka dawo gida na shiga ɗakinsa, karo na farko tun ranar da muka fita da shi. Ba wanda ya taɓa komai. Tiren yana nan a gefen gado, kuma a cikin yashin ga sawun hannuwansa biyu na taimamar la'asar, ta ƙarshe da ya yi a gidana. A lokacin da yake shakka na ga yadda yake taɓa abu, da bakin yatsu, a ɗarare. Wannan sawun ba haka yake ba. Ya nutsa sosai, yatsu a buɗe, har gindin tafin ya fito, ya sakar masa nauyinsa duka.

Na kira maiɗakina na tambaye ta abin da na kasa tambayar sa. Na ce in na fita aiki, yana ƙara wasu sallolin? Ta ce ko sau ɗaya. Ta ce ranar ma da ya idar da la'asar ya yi addu'arsa, ya ce ta rage masa sanyin ɗaki, ya kwanta. Na ce dutsen fa? Ta nuna mini ƙofar baya. Ashe tun washegarin ranar da na fasa shi ya ba ta ɓallin biyu, ya ce ta riƙa tokare ƙofa da su don iska na dame shi da bugawa.

Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ta bar ni har na gama, sannan ta ɗauko faifan ta rufe tiren a hankali, yadda sawun ba zai goge ba.